Ƙanƙarar Direba

Tun ranar da 'ya'yansa suka karɓe makullin mota, tafiya ɗaya ce ta rage wa Direba a duniya: daga ƙofar gida zuwa shagon Mai Ƙanƙara, ya juyo. Shi dai bai taɓa kiranta aike ba. Lodi yake ce mata.

"Kwandasta, zan fita lodi."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji matarsa, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, shi kaɗai yake ce mata Kwandasta. "Ban da gudu."

"Ki faɗa wa masu ƙananan motoci."

Ƙuruciyarsa duka a kan babbar mota ta ƙare, irin mai tayoyi da yawa. Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata rana ya goge katangar wani gida da gefen mota bai ma sani ba. 'Ya'yan suka taru suka yi masa magana cikin ladabi. Bai yi musu ba. Ya miƙa makullin, ya shiga ɗaki, ya kwanta ya fuskanci bango. Abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Masu zuwa gaisuwa su zo su gaji su tafi. Gwaggo tana kallo mutum yana ƙarewa kamar sabulun da aka manta a cikin ruwa, ba ciwon da za a nuna wa likita.

Abin da ya tashe shi ba wani abin kirki ba ne. Ranar wani zafi ce, tana zaune a bakin ƙofa tana fifita, ta ce da kanta, ba da shi ba, "Kai, yau da mutum zai samu ruwan sanyi." Can sai ta ji jan takalmi. Ya fito yana dafa bango, ya jawo tsohon keken babban ɗansu daga bayan ɗaki, ya kakkaɓe shi. Bai hau ba, idon ba zai bari ba. Turawa ya yi. Da ya dawo akwai dunƙulen ƙanƙara a bayan keken, naɗe cikin buhu, an ɗaure shi tamau da igiyar roba.

Daga ranar abin ya zama kullum. Da la'asar zai sauke lodi a inuwar bishiyar tsakar gida, ya ɗauko tsohuwar sifanarsa ya fasa ƙanƙarar, ya jefa a kofi biyu. Nata yake fara miƙawa. Sannan ya zauna ya ba ta labarin hanya, kamar wanda ya dawo daga wata ƙasa.

"Yau an yi cunkoso a gaban mai walda. Wata akuya ta tsallaka ba ko sigina."

"Ka yi mata hon?"

"Ƙararrawar ta ƙi. Da baki na yi."

Ta yi dariya, ƙanƙara tana ƙara a kofi. Ya ci abincinsa tas.

Ana nan sai ruwan sama ya yi yawa, kwatoci suka cika suka tumbatsa, bututun famfo ya fashe a wani wuri da ba wanda ya san takamaimai. Ba a daɗe ba kwalara ta shigo unguwa. Matar tela ta ƙarshen layi aka fara ɗauka. Da safe an gan ta tana shara, kafin yamma an fito da ita ranga-ranga, idanu sun faɗa. Sai yaran gidan mai wanki, su biyu. Ɗaya ya dawo, ɗaya bai dawo ba.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙa bi gida-gida. Da ta zo gidansu ta leƙa bokitai, ta leƙa bayan gida, sannan ta zauna a kan tabarma ta yi musu bayani. Ruwan sha a tafasa shi sosai, ya huce a rufe. A daina tsoma kofi da hannu a ciki, a riƙa tsiyayowa. A wanke hannu da sabulu bayan an zaga, da kafin a taɓa abinci. Wanda zawo ya kama, musamman in ya zo fari kamar ruwan wankin shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a nufi asibiti, kada a ce bari a ga gobe.

Direba yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibin gaba.

"Gaskiya ne, 'yata. Ko mota ba kowane ruwa ake zuba wa lagireto ba, balle ɗan Adam."

Gwaggo ta raka ta ƙofa. Sai da suka fita daga inda zai ji ta rage murya.

"'Yata, ƙanƙara fa? Irin ta sayarwa."

"Da wane ruwa aka yi ta, Gwaggo?"

"Wa ya sani."

"To ai kin ba kanki amsa. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar nan, adana ta yake yi, yadda yake adana kifi. Ta yi kwanciyarta. In ta narke a cikin mutum sai ta tashi."

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa har matar ta shiga gidan gaba. Ta dubi keken da ke jingine, buhun yana shanye a kan sirdi.

Ranar ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta bar shi ya huce, ta juye a jarka mai murfi. Da la'asar Direba ya dawo da lodinsa, ya tsiyayi tafasasshen ruwan a kofi biyu cikin natsuwa, bai bar yatsansa ya taɓa bakin jarkar ba, sannan ya jefa ƙanƙara a ciki.

"Kin ga an bi doka."

Ta karɓi kofin ta riƙe. Ta ce, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Sai na ji ana cewa wai ita ma ƙanƙarar sai an san ruwanta."

"Wa ya ce?"

"Mutane dai."

"Mutane ba sa rasa abin faɗa. Ni da na riƙe ta kaɗan yatsuna sun sandare, wace ƙwaya ce za ta zauna a ciki? Bargo gare ta?"

Ya kai kofin baki. Ta bi maƙogwaronsa da kallo, yana hawa yana sauka.

Ta san abin da ya kamata ta faɗa, kalmomin ba su da yawa. Amma duk lokacin da ta buɗe baki sai ta tuna bayan wuyansa yadda yake a kan matashi, fuska ga bango. Idan ta ce masa lodin nan ciwo yake kawowa, me kuma zai tashi ya yi da la'asar? Idan ta yi shiru, tsoho ne, jikinsa ba shi da ruwan da zai yi asara. Gaba kura, baya sayaki.

Sai ta dafe kunci.

"Wash! Haƙorin nan."

"Wanne?"

"Na can ciki. Ba ya son sanyi kwana biyun nan."

Ta yi zaton zai ce to a bari sai ta warke. Ya dube ta da tausayi, ya karɓi kofin nata.

"Kawo. Ba a asarar lodi."

Ya shanye duka biyun.

Washegari ta ɓoye sifanar a ƙarƙashin buhun gawayi. Ya laluba ko'ina, ya zagi ɓeraye, ya ce ɓeran da zai ja sifana ya isa a ba shi aikin kanikanci. Daga baya ya ɗauki dutsen da ake tare ƙofa ya fasa abinsa. Wata rana ta sace wa keken iska. Ya tura shi haka, taya tana lanƙwashewa, ya dawo yana haki yana murna, ya ce ya taɓa shigo da mota gari a kan tayar da ta fi wannan lalacewa.

Ita kuwa ta zama mai gadin bayan gida. Ko motsi ya yi sai ta ɗaga kai. In ya zaga ya daɗe, sai ta je ta tsaya kusa tana gyaran abin da bai lalace ba.

"Kwandasta, lafiya kike bin mutum har nan?"

"Tsintsiya nake nema."

"A hannunki fa?"

Gishiri da sukari ta ware su a kan kantar ɗaki, kusa da cokali, inda hannu zai kai ba sai an nema ba.

Da abin ya ishe ta, wata safiya bayan ya sha shayi ya fara gyangyaɗi, ta yafa mayafi ta bi hanyar da take jin labarinta kullum ba ta taɓa takawa ba. Ga mai walda, ga kwatar da aka ɗora wa katako, ga ɗan tudun da yake cewa sai an sa giya ɗaya. Shagon Mai Ƙanƙara wani dogon ɗaki ne, janareta na ruri a bayansa, firizoji jere a jikin bango. A tsakiya akwai manyan durori, shi kuma yana tsaye a kan ɗaya, hannu har gwiwa a cikin ruwa, yana cika ledoji.

Ganinta ya sa ya saki ledar.

"Gwaggo! Ke da kanki? Ba dai Baba ba?"

"Lafiyarsa lau. Zuwa na yi in ga inda ake wahalar min da miji."

Ya yi dariya, ya jawo mata benci. Mutumin kirki ne, sa'an babban ɗanta. Shi ne kullum yake zaɓar wa Direba dunƙulen da ba zai yi masa nauyi ba, ya kuma tsaya ya saurari labarin manyan hanyoyi ko da masu saye na jira. Bayan gaisuwa ta nuna durorin da haɓa.

"Ruwan famfo ne?"

"Famfo ai tun da bututu ya fashe bai ƙara ɗigowa ba. Masu kurar ruwa ke kawo min."

"Su kuma daga ina?"

Ya goge hannu a riga. Ya dubi ruwan, ya dubi ƙasa.

"Ba na tambaya, Gwaggo. In ya zo garau sai in karɓa." Ya rage murya. "Ƙanina ma yana asibiti tun shekaranjiya. Nan yake taya ni aiki. Ban yi barcin kirki ba."

"Allah ya ba shi lafiya. To ɗana, alfarma na zo nema. In ya zo yau ka ce masa ta ƙare."

"Zan iya. Amma kin fi ni saninsa. Zai ce direba ba ya komawa gida hannu rabbana. Keken nan zai tura har kasuwa, ya tsallaka babban titi da idon nan nasa."

Gaskiya ya faɗa. Ta zauna tana jin rurin janareta. Daga baya ta tashi ta yi masa sallama.

A ranar ne Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aure a wata unguwa, kuma duk cikin 'ya'yan ita ta ɗauko bakin ubanta, abin da ke cikinta shi ke kan harshenta. Ta kawo musu sabulu da sabuwar jarka. Ta duba ruwan da aka tafasa ta yaba. Suna cikin hira aka ji ƙarar keke a ƙofa.

"A ba da hanya, babbar mota za ta shigo! A'a, Auta ce? Yau lodi ya yi albarka, kofi uku za a yi."

Ta tashi ta gaishe shi, ta riƙe masa keken. Tana kallo ya kwance buhun, ya fasa, ya tsiyayi ruwa, ya jefa. Gwaggo ta yi ta ƙifta mata ido, Auta ba ta ko dube ta ba.

"Baba, me ka saka a ciki?"

"Ba kya gani? Ko ke ma yanar ta kama ki?"

"A cikin ruwan da aka sha wahalar tafasawa? Baba, ai ka mayar da shi ruwan kwata! Ƙanƙarar nan ita ce ciwon. Ana ta faɗa a rediyo. Mutane na mutuwa, kai kuma kullum kana turo ta har cikin gida da hannunka?"

"Auta," in ji Gwaggo.

"A'a, Inna, bari in faɗa. Ke ma sha kike yi?"

Direba yana tsaye da kofi a kowane hannu. Ya juya a hankali wajen matarsa. Idon ba ya gani sosai, amma ya san inda fuskarta take.

"Kwandasta. Haƙorin nan naki."

Ta sunkuyar da kai.

"Ashe lafiyarsa lau."

"Direba..."

"Sifanar ma ba ɓera ba ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya taka zuwa bakin magudana ya zubar da kofunan, ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo ya rungumi sauran dunƙulen, ruwa na bin rigarsa, ya kai shi can ya ajiye.

"Duk shekarun da na yi ina ɗaukar kayan mutane," ya ce, ba da kowa ba, "ban taɓa kai wa wani ɓarna ƙofar gidansa ba. Sai nawa gidan."

Ya shiga ɗaki. Suka ji ƙarar gado.

Auta ta zauna a kan turmi, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, ni fa ba don in ɓata masa rai ba."

"Na sani. Gaskiya kika faɗa. Ni ce na yi ta zagaye kamar mai neman ƙofa a gidan da ya sani."

"Gara ya yi fushi yana raye."

"Haka ne." Gwaggo ta ɗauki buhun ta matse ruwan. "Sai dai ke ba kya nan wancan karon. Ba ki ga irin rayuwar ba."

Auta ta leƙa ɗakin kafin ta tafi, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya yi mata albarka, ta gaida mijinta. Bai juyo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya bi doka fiye da kowa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi take kai masa, ya sha bai ce uffan ba. Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Cikinsa lafiya lau, wannan kam ta gode wa Allah. Amma abinci ya koma cokali biyu, uku. La'asar ta yi, inuwar bishiya ta zo inda ta saba zuwa, ba kowa a ƙarƙashinta. Ta fito da sifanar ta ajiye a inda zai gani. Bai taɓa ta ba.

"Direba, fito ka sha iska mana."

"Akwai iska a nan."

"Mai walda yana tambayarka."

"Ki ce ina gaishe shi."

Wani hantsi aka yi sallama a ƙofa. Mai Ƙanƙara ne, ya rame kaɗan, amma fuskarsa a sake. Ya ce ƙaninsa ya dawo gida, leda bayan leda ta ƙarin ruwa aka yi ta sa masa har ya farfaɗo. Ya ce shiru ya ji kwana biyu ba babbar mota, shi ya sa ya biyo sawu. Gwaggo ta gaya masa abin da ya faru, a taƙaice.

"Ai ni ma na daina sayar wa masu sha," in ji shi. "Tun ranar da kika zo abin ya tsaya min a rai. Masu kifi kawai nake ba yanzu, sai famfo ya dawo ko a ba mu maganin ruwa. Rabin firizojin a banza suke cin wuta."

"A banza?"

"Wayam. Ko mutum ya shiga ya kwanta."

Gwaggo ta dubi tukunyar da ke kan wuta, ruwa na tafarfasa a ciki, murfi na rawa.

"Ɗana, ita firizar, tana da ruwan da take so da wanda ba ta so?"

"Ina! Abin da aka ba ta shi take daskarwa."

"In na aiko da nawa, a rufe, ba za ka buɗe ba?"

Ya tsaya yana kallonta, sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Wallahi har gurbi zan ware masa, in wanke shi da sabulu. Wa zai kawo?"

"Allah zai kawo mai kawowa."

Bayan azahar ta tattaro duk robobin gidan masu murfi, manya da ƙanana. Ta wanke su da sabulu, ta ɗauraye da ruwan zafi, ta kife su suka tsane. Ta cika kowacce da ruwan da ya huce, ta danne murafan har sai da suka yi ƙara. Sannan ta jawo keken zuwa ƙarƙashin tagar ɗaki, wai nan ne inuwa.

Ba ta taɓa ɗaure kaya a keke ba, wannan ba wasa ba ne. Ta ɗora ƙananan a ƙasa, babbar a sama. Ta ja igiyar roba, ta kuɓuce ta zabge ta a hannu. Ta ce wash. Ta sake ja, ta ƙulla a jikin sirdi. Tana sakin hannu keken ya karkata, ya tafi gaba ɗaya, robobi suka watse a tsakar gida suna gangarawa.

Daga ɗaki ba a ce komai ba.

Ta tsince su, ta duba murafan, babu wanda ya buɗe. Ta sake ɗorawa, wannan karon duka a gefe ɗaya. Keken ya sake kwanciya, ƙararrawar da ta daɗe ba ta yi ba ta yi ƙara.

Gado ya motsa. Labulen taga ya ɗaga.

"Wa ake kashewa a gidan nan?"

"Ba kowa. Koma ka kwanta."

"Mene ne wannan?"

"Kaya."

"Wa ya koya miki ɗaurin kaya?"

"Ba wanda ya koya min. Wanda ya iya yana hutawa."

Labulen ya sauka. Ta ɗauki babbar robar ta sake ɗora ta a kan 'yar ƙarama, tana jan numfashi da ƙarfi. Ba ta kai ga igiyar ba ta ji shi a bayanta.

"Matsa. Matsa, don Allah, kafin ki karya min mota. Mai nauyi a sama? A ina aka taɓa yi?"

Ya sauke komai. Ya ɗaga kowace roba ya auna ta a hannu. Ya shimfiɗa buhu, ya zaunar da babbar a tsakiya, matsakaita biyu dama da hagu, ƙananan a sama. Hannunsa ba ya buƙatar ido. Igiyar ta bi ta nan ta fito ta can, ya ja, ya ƙulla, ya girgiza keken. Ko motsi kayan ba su yi ba.

"Haka ake yi." Ya tsaya yana haki kaɗan. Sai ya ƙwanƙwasa roba ɗaya da yatsa. "Ruwa ne. Ina za shi?"

"Wurin Mai Ƙanƙara. Zai daskarar min da abina, a rufe. Gobe a ɗauko, a kai wani."

"Wa zai ja?"

"Ni."

"Da wane lasisi?"

Ta gyara mayafi. Ya bi murafan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, yadda yake bin tayoyi kafin doguwar tafiya.

"Ya tafasa?"

"Har murfi na rawa."

"Robobin fa?"

"Da sabulu da ruwan zafi. In sun dawo ma sai an wanke bayansu kafin a buɗe."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe riƙe da kan keken, yana kallon ƙofa.

"Kwandasta, abu ɗaya. Kwandastan da ya ga rami a hanya ya yi shiru, don kada ran direba ya ɓaci, duka motar yake kashewa. Har da shi a ciki."

"Na ji. Na yi kuskure." Ta ɗan dakata. "Amma direban da ake buga masa jikin mota ya tsaya, ya ce ƙwaya ba ta da bargo fa?"

Bakinsa ya motsa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, dariyar ta fito ta hanci.

"Wannan direban a karɓe masa makulli."

"An riga an karɓe."

"Allah ya shirye ki. Miƙo min hulata."

Ta miƙo. Ya sa, ya ture dutsen ƙofa da ƙafa. Kayan sun fi dunƙulen da ya saba nauyi, ta ga yadda kafaɗarsa ta karkata da ya fara turawa. Ta jawo ƙofa ta rufe, ta biyo shi.

"Ina kuma za ki?"

"Kaya nawa ne. Ba na ba direba kaya in zauna a gida."

"To ki riƙe ta baya. Riƙewa kawai."

Suka bi layin a hankali. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya yi ihu, "Babbar mota ta dawo hanya! Yau har da fasinja!" Direba ya ɗaga masa hannu ɗaya bai tsaya ba. A kan katakon kwata ya ce ta kula, na tsakiya yana rawa. Ta kula.

Da suka iso ɗan tudun, keken ya rage sauri, ya kusa tsayawa. Ta ji numfashinsa ya canja. Ta sa tafin hannu a bayan babbar robar ta danna kaɗan.

Bai waiwayo ba.

"Kwandasta, riƙewa na ce. Ban ce turi ba."

"Riƙewa nake yi."

Ta ƙara dannawa, suka haye.